Daga Sarkin Magina Zuwa Cikin Kwamfuta: Tarihin Kalma Mai Gida Biyu

Mai karatu, idan ka ji an kira mutum "akitek" a ƙasar nan, abin da zai faɗo maka a rai shi ne mai zanen gidaje, wanda ake zuwa wurinsa da takardar fili ya fitar da taswirar ɗakuna da falo kafin birkila ya ɗora bulo. To amma a yau akwai dubban mutane a duniya da ke ɗauke da wannan suna alhali ba su taɓa kwaɓa siminti ba, ba su san inda ake sayar da rodi ba. Aikinsu a cikin kwamfuta yake. Yadda aka yi wannan kalma ta architecture ta baro wurin gini ta tare a cikin na'ura labari ne mai tsawo, kuma a cikinsa akwai gardamar da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana yi: shin wane ne mai gini, wanda ya tsara shi a ka, ko wanda ya ɗora tubali?

Asalin kalmar daga Girkanci take, kuma kalmomi biyu aka haɗa: "arkhi", wato shugaba, da "tekton", wato magini ko masassaƙi. Idan ka fassara ta kai tsaye za ka sami Sarkin Magina, sarautar da Hausawa suka daɗe da sani. Shi ya sa idan ana neman misalin akitek na asali ba sai an tsallaka teku ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim (1834 zuwa 1846), shi ne ainihin abin da Girkawa ke nufi: mutum ɗaya da ya san ƙasa da azara, ya san nauyin da baka zai iya ɗauka kafin tulluwa ta zauna a kansa, yana tsaye a wurin aiki yana ba da umarni. A irin wannan tsari, mai tunani da mai hannu duk mutum guda ne, ko kuma suna tsaye kafaɗa da kafaɗa.

Littafi mafi tsufa da ya iso gare mu a kan wannan fanni na wani Barume ne mai suna Vitruvius, wanda ya rubuta shi juzu'i goma ya sadaukar ga Sarki Augustus, 'yan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. Abin da aka fi tunawa da shi shi ne sharuɗɗa uku da ya gindaya wa kowane gini: ƙarko, amfani, da kyau. Sai dai akwai wani abu da masu ambatonsa kan tsallake. Shi Vitruvius bai taƙaita fannin ga gidaje da wuraren bauta ba. Ya ware juzu'i guda don jawo ruwa, guda don agogon rana da agogon ruwa, na ƙarshe kuma kacokan a kan injuna ne, har da majaujawar yaƙi ta rusa ganuwa. Ashe ke nan tun fil azal na'ura tana cikin gidan, daga baya ne aka fitar da ita.

Rabuwar kai da hannu ta faru ne a Italiya cikin ƙarni na 15, kuma mutum biyu na birnin Fulorans sun isa su nuna ta. Filippo Brunelleschi, maƙerin zinariya ne tun asali, shi ya ɗora babbar ƙubbar majami'ar birnin tsakanin 1420 da 1436. Kullum yana wurin aiki, shi ya ƙirƙiro injin ɗaga kaya da shanu ke juyawa, yana duba tubali da idonsa. Leon Battista Alberti kuwa malamin littafi ne. A littafinsa na gine-gine, wanda aka buga a 1485 bayan rasuwarsa, ya tsaya a kan cewa aikin akitek shi ne kammala ginin a cikin tunani da zane, masu aikin hannu kuma kayan aiki ne a gare shi. Ya kuma aikata abin da ya faɗa: majami'ar da ya tsara a garin Rimini, wani mutum mai suna Matteo de' Pasti ne ya tsaya a kan gininta, shi kuwa yana Rum yana aiko da wasiƙu yana gargaɗin kada a taɓa ma'aunin da ya sa. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga Brunelleschi, amma ra'ayin Alberti ne ya yi nasara. Daga nan zane ya zama abu mai zaman kansa, wanda za a iya naɗewa a aika wani gari, wasu hannaye daban su gina.

Ka riƙe wannan batu da kyau, domin shi ne igiyar da masu kwamfuta suka kama bayan shekaru ɗari biyar.

Kwamfutocin farko ba su da wani tsari da ya rabu da jikinsu. ENIAC, wadda aka nuna wa duniya a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka a watan Fabrairun 1946, idan ana so ta canza lissafi sai an zare wayoyi an sake cusa su, an juya makunnai, aikin da kan ci kwanaki. Mata shida ne suka fara yin wannan wahala, kuma an daɗe ba a ambaton sunayensu. Waɗanda suka ƙera ta, Presper Eckert da John Mauchly, tun kafin su gama sun fara tattauna wata sabuwa mai suna EDVAC, wadda za a ajiye umarni da bayanai duka a ma'adana ɗaya. Masanin lissafi John von Neumann ya shiga tattaunawar, ya rubuta rahoto mai shafi 101, aka raba shi da kwanan wata 30 ga Yunin 1945, ɗauke da sunansa shi kaɗai. A ciki ya rarraba na'urar gida-gida: sashen lissafi, sashen ba da umarni, ma'adana, ƙofar shigar bayani da ta fita, ba tare da ya damu da irin wayar da za a yi amfani da ita ba. Har yau ana kiran wannan fasali da sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Eckert da Mauchly sun rasu da ɗacin wannan abu, domin yaɗuwar rahoton na cikin abin da ya hana su mallakar haƙƙin ƙirƙirar. Sai dai shi kansa von Neumann bai kira abin da ya rubuta da sunan akitekca ba. Na baya ne suka laƙaba masa.

Kalmar ta shigo ne ta ƙofar kamfanin IBM. A 1959, lokacin da ake ƙera wata babbar kwamfuta mai suna Stretch, Lyle Johnson da Frederick Brooks suka fara amfani da ita, domin kalmar da ake da ita a lokacin, wato "shirin na'ura", ta yi musu ƙunci. A 1962 Brooks ya rubuta babi guda a littafin da aka fitar kan Stretch, inda ya kwatanta aikin da na mai zanen gida: a fara gano bukatar wanda zai zauna a ciki, sannan a tsara abin da zai biya ta gwargwadon kuɗi da fasahar da ke hannu.

Abin bai tsaya ga ado na baki ba, matsala ce ta kuɗi ta haife shi. A wancan lokaci IBM na sayar da kwamfutoci iri-iri, irin su 1401 da 7090, kuma ko wacce da yarenta. Bankin da ya fara da ƙarama, idan harkarsa ta bunƙasa ya sayi babba, dole ya zubar da duk manhajojin da ya kashe shekaru yana rubutawa ya faro daga tushe, tamkar mutumin da duk sanda ya sake gida sai ya sake koyon magana. Kuma wanda zai faro daga tushe, me zai hana shi komawa wani kamfanin? Maganin da suka kawo shi ne System/360, wanda aka sanar ranar 7 ga Afrilun 1964: kwamfutoci shida, daga ƙarama zuwa babba, cikinsu ya sha bamban, saurinsu da farashinsu sun sha bamban, amma duk suna jin umarni iri ɗaya. An kashe kimanin dala biliyan 5 a kan aikin, kuɗin da da abin ya faɗi da kamfanin ya bi shi. A wannan watan ne Gene Amdahl da Gerrit Blaauw da Brooks suka buga maƙalar da ta kafa ma'anar kalmar: akitekca shi ne abin da mai rubuta manhaja ke gani yake dogara da shi, wato jerin umarnin da na'ura ke karɓa da yadda take amsawa. Yadda aka jera wayoyi a ciki kuwa aiwatarwa ce, ana iya canza ta gobe. Alberti ke nan sak, ya dawo cikin rigar injiniya.

A cikin wannan aiki ne aka yanke wata shawara da ta shafi kowane marubuci. An yi ja-in-ja kan ko harafi ɗaya zai ɗauki ɗigon lantarki shida ko takwas. Shida na ba da alamomi 64 kacal, waɗanda manyan baƙaƙe da lambobi da 'yan alamomin rubutu ke cinyewa. Takwas na ba da 256. Amdahl ya fi son shida don tsimi, Brooks ya dage a kan takwas, kuma daga baya ya sha faɗin cewa ita ce shawara mafi muhimmanci da ya taɓa yankewa, domin ita ta buɗe wa ƙananan baƙaƙe hanya. Mu dai ko a cikin 256 ɗin ba a yi mana ɗaki ba. Baƙaƙenmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, sai da suka jira tsarin Unicode da aka fara fitarwa a 1991, kuma ko bayan nan an daɗe ana rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya, mai karatu ya raba da hankalinsa.

A littafinsa na 1975, The Mythical Man-Month, Brooks ya koma wurin magina neman hujja. Ya kawo misalin babbar majami'ar Reims ta Faransa, wadda aka fara a 1211, magina suka yi ta gadon aikin zuriya bayan zuriya, kowa ya danne son ransa ya bi fasalin na farko, shi ya sa ginin ya fito da murya ɗaya. Daga nan ya yanke cewa tsarin na'ura ya kamata ya fito daga kan mutum ɗaya ko 'yan kaɗan. Ba kowa ya ji daɗin wannan ba, don a kunnen injiniyoyi da yawa ya yi kama da sarauta, amma abin da ya biyo baya ya ba shi gaskiya ta wani ɓangare: tsari ya fi na'ura tsawon rai. Manyan kwamfutocin IBM na yanzu suna iya gudanar da manhajojin da aka rubuta wa System/360. Jerin umarnin da Intel ya fitar da 8086 a 1978 shi ne kakan wanda ke cikin yawancin kwamfutocin ofis. Tsarin ARM, wanda Sophie Wilson da Steve Furber suka fitar a kamfanin Acorn na Ingila a 1985, shi ke cikin kusan kowace wayar hannu ta zamani, kuma kamfanin ARM ya yi arzikinsa ne da sayar da izinin amfani da zane, wasu su ƙera.

Aro na biyu daga magina ya zo ta hanyar da ba wanda ya zata. Christopher Alexander, akitek ne na gine-gine da ke koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, mutum ne da ya tsani dogayen benayen kankare na zamaninsa. A ganinsa, garuruwan da talakawa suka gina da kansu ba tare da zane ba sun fi daɗin zama, domin mutanen suna bin wasu dabaru da aka gada, kowace tana warware matsala guda da ke yawan dawowa. A 1977 shi da abokan aikinsa suka tattara irin waɗannan dabaru 253 a littafin A Pattern Language. Ɗaya daga ciki ita ce ɗakin da haske ke shiga ta ɓangare biyu ya fi jan mutane. Wata kuma ta ce kada gidan zama ya wuce hawa huɗu. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan tunani ba, tunda zaure ma haka yake: kowane gida da nasa, ba biyu da suka zo ɗaya, amma matsalar da yake warwarewa guda ce, a karɓi baƙo ba tare da an keta sirrin cikin gida ba.

Manyan makarantun zanen gini ba su rungumi Alexander sosai ba. Masu rubuta manhaja ne suka yi wuf da shi. Kent Beck da Ward Cunningham sun gwada dabararsa a kan manhaja a 1987. A 1994 wasu mutum huɗu, Erich Gamma da Richard Helm da Ralph Johnson da John Vlissides, suka fitar da littafin Design Patterns mai dabaru 23, wanda ya zama abin karatun ɗaliban kwamfuta a duniya. Shi kuwa Cunningham, don ya sama wa masu tattara irin waɗannan dabaru wurin haɗuwa, ya ƙirƙiro a 1995 wani shafin intanet da kowa zai iya gyarawa, ya raɗa masa suna WikiWikiWeb. Daga wannan dabara Wikipedia ta fito a 2001. Wato mutumin da ke kukan yadda ake gina unguwanni a Amurka yana da hannu, ba da saninsa ba, a kundin ilimin da ɗalibi ke buɗewa a waya.

A 1996 masu manhajar suka gayyato Alexander ya yi jawabi a babban taronsu a birnin San Hose. Ya nuna mamakin yadda suka ɗauki littafinsa, ya yaba musu, sannan ya yi musu tambayar da ba su shirya mata ba. Ya ce shi abin da ya sa ya tattara dabarunsa shi ne rayuwar mutumin da ke cikin ginin ta gyaru, to su nasu dabarun, akwai wannan niyya a cikinsu, ko kuwa musayar hanyoyin aiki ce kawai tsakanin gwanaye? Shi da Brooks a shekara ɗaya suka rasu, 2022, Alexander a watan Maris, Brooks a Nuwamba.

Ta fuskar doka kuwa, har yanzu sunan na magina ne. A Nijeriya hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita ke yi wa masu zanen gini rajista, kuma wanda ba ya cikin kundinta ba shi da ikon kiran kansa akitek ya karɓi aikin gini. Dokar Birtaniya ta 1997 ma haka ta tanada, sai dai ta keɓe mutum uku da ta yarda su ari sunan: mai zanen jirgin ruwa, mai tsara lambuna da filaye, da mai tsara filin wasan golf. Masu kwamfuta ba sa cikin jerin, amma ba a hana su ba, tunda ba wanda zai ruɗe ya kai musu takardar filinsa.