Yawon Buɗe Ido a Jihar Kebbi: Tsara Tafiya Daga Jega

Jega mahaɗar hanyoyi ce: ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya Sakkwato, ɗaya kuma ta ratsa Maiyama zuwa Yawuri. Wannan ya sa ta dace da zama masaukin mai son zagaya jihar.

Abin da za a fara tsayarwa shi ne lokaci. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta amince da shi a 2016, yakan faɗo ne wajen Fabrairu ko Maris a kogin Matan Fada. Sai dai ba kowace shekara ake yinsa ba. Ya shafe kusan shekara goma ba a yi ba kafin ya dawo a 2020. Don haka kada ma'aikaci ya ɗauki hutu, ko ɗan kasuwa ya rufe shago, sai gwamnatin jiha ta sanar da rana. Masaukai a Argungu kan cika da wuri, shi ya sa baƙi da dama ke kwana a Birnin Kebbi.

Ko babu biki, akwai Gidan Tarihi na Kanta a Argungu da hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu. Aliero kuwa, da rani ake zuwa, lokacin kakar albasa.