Karnukan da sunka fasa taga

Masu saurare... au, ku gafarce ni, baki ya saba da radiyo. Masu karatu nike nufi.

Satin da ya wuce wata uwa ta kira mu a shirin safe, ta ce ɗanta mai shekara tara kwana uku ke nan ba ya barci sai da fitila kunne. Wani wasa ya gani a salular wansa: ana zaune lafiya lau, sai dodo ya faɗo bisa gilashi da kururuwa. Ta ce wai wane marar tausayi ya ƙirƙiro wannan? Lokaci ya ƙure mini ranar, shi ya sa na kawo amsar nan.

Hajiya, abin ya girmi wasan bidiyo. A 1942 anka yi wani fim a Amurka, Cat People, wanda Jacques Tourneur, haifaffen Faransa, ya shirya. Wata mata na tafiya ita kaɗai da dare, tana jin sawu bayanta, sawun ya ɗauke, shiru ya yi tsawo. Sai wani huci kamar na damisa ya fashe. Ashe birkin bas ne. Babu dodo ko guda, amma ’yan kallo sun zabura.

A 1992 Bafaranshe Frédérick Raynal ya fito da Alone in the Dark a kamfanin Infogrames. Tun ɗakin farko wata dabba ke fasa taga ta shigo, amma in ka yi wayo ka tura kabad ka toshe tagar, ka tsira. Fim ba ya iya ba ka wannan zaɓi.

Wanda ’yan zamanina sunka fi tunawa shi ne Resident Evil na Capcom, 1996. Mu sai bayan shekaru ya iso mana, a gidan Play na unguwa, yara wajen goma kan tele guda. Kana bin wani dogon lungu, babu komi, sai karnuka su fasa taga su diro. Wallahi na yar da abin bugawa ƙasa, mai gidan ya kusa kora ta. Amfanin karnukan nan sai daga baya ka gane shi: duk tagar da ka ƙara gani a gidan, gabanka sai ya faɗi, ga harsashi ba ya da yawa. Da anka sabunta wasan a 2002, wucewar farko gilashin tsagewa kawai yake yi, don a ja ran waɗanda sunka san wurin.

Ni dai Silent Hill na Konami, 1999, ya fi burge ni, ƙila don sana’a. Ɗan radiyo ne a aljihun jarumin, in dodo ya matso cikin hazo sai ya riƙa shuuu. An gargaɗe ka, kuma gargaɗin ya fi dodon ban tsoro.

A 2014 Scott Cawthon ya saki Five Nights at Freddy’s. Kai ne mai gadi daga sha biyun dare zuwa shida na safe, da ƙofofi biyu da wuta ƙididdigagga (ɗaukewar wuta kam ba sai an koya mana ba). In ka yi sakaci, fuska ta faɗo maka. Razanar hukuncin kuskurenka ce. Masu YouTube sunka riƙa ɗaukar kansu suna ihu, daga nan ’yan kwaikwayo sunka cika kasuwa da ƙara tsagwaronta, babu shirun da ke gabanta. Abin da ke yawo a salulolin yaranmu mafi yawa guntayen nan ne da anka yanko, daƙiƙa goma na kururuwa, kuma yaron bai ma riƙe wasan a hannunsa ba balle ya toshe taga.

Tun 2003 wasannin da ake sayarwa a mafi yawan ƙasashen Turai na ɗauke da lambar shekaru ta PEGI: 3, 7, 12, 16 ko 18, da hoton gizo-gizo in akwai ban tsoro ciki. Hajiya, ki sa wan nasa ya nuna miki sunan wasan da lambarsa, ki sake kiranmu ranar Litinin.