Sakamako biyu, gurbi ɗaya: yadda manyan makarantu ke auna makin ɗalibi

A kowace shekara, iyaye a Yelwa da Wara da sauran garuruwan gaɓar Tafkin Kainji sukan biya wa yaro kuɗin WAEC, su ƙara da na NECO don gudun kada ɗaya ta ba da matsala, sannan ga JAMB. Idan sakamako ya fito sai a rasa wanda za a gabatar. Amsar ta dogara ne ga irin jarrabawar, domin kowace da ƙa'idarta.

Ta JAMB ba ta da zaɓi. Hukumar, wadda aka kafa a 1978, tana shirya jarrabawar UTME sau ɗaya a shekara: darussa huɗu, Turanci dole ne a cikinsu, jimillar maki 400, kuma tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta. Makin na shekarar da aka rubuta ne kawai. Wanda ya ci 250 bara bai samu gurbi ba, ya sake bana ya ci 190, to 190 ɗin za a duba. A nan tsarin Nijeriya ya bambanta da na Amurka, inda jami'o'i da dama ke barin ɗalibi ya rubuta SAT sau da yawa, su tsinci mafi kyawun makinsa a kowane sashe su haɗa.

Inda ake da irin wannan sassauci shi ne sakamakon sakandare. Abin da jami'o'i ke nema shi ne kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6, har da Turanci, da kuma Lissafi idan kwas ɗin yana buƙatarsa, a darussan da suka dace da kwas ɗin. Yawancin makarantu suna karɓar sakamakon zama biyu, ba fiye ba. Ana iya haɗa WAEC da NECO, ko WAEC ta shekaru biyu daban, wasu kwasa-kwasan kuma suna karɓar NABTEB ko NBAIS. Ɗalibar da ta samu D7 a Lissafi a WAEC amma ta samu C5 a NECO za ta iya cike gurbin da na biyun. Sakamakon sakandare kuma ba ya tsufa kamar na UTME.

Sai dai haɗawar tana da farashi. Kwasa-kwasan da ake rububinsu, musamman likitanci, galibi zama ɗaya ake nema, Jami'ar Legas ma zama ɗaya take buƙata. Saboda haka wanda sakamakonsa ɗaya ya cika kiredit biyar ɗin da kwas ke nema, ya fi masa alheri ya gabatar da shi shi kaɗai, ko da ɗayan yana da A1 a wani darasin da ba a buƙata. Kiredit a Aikin Gona ba ya maye gurbin Fiziks ga mai neman injiniya. Haɗawa ta zama dole ne kawai idan wani darasi mai muhimmanci ya faɗi. Kafin a yanke shawara, a duba ƙasidar JAMB da sanarwar makarantar ta wannan shekarar, domin sharuɗɗa kan canja.

Bayan haka kowace jami'a tana da ma'auninta na haɗa maki. Wanda ya shahara shi ne na Jami'ar Legas: kashi 50 daga UTME, 30 daga jarrabawar tantancewa ta Post-UTME, 20 daga darajar sakamakon sakandare. A irin wannan lissafi ana raba makin UTME da takwas, don haka mai 240 ya samu 30 cikin 50. Wasu makarantun ba sa shirya jarrabawa ta biyu, takardu kawai suke tantancewa, kuma a nan ne bambancin B2 da C6 ke iya fifita mai ƙaramin makin JAMB a kan wanda ya fi shi.

Mutane da yawa suna ruɗewa da mafi ƙarancin makin da ake sanarwa. A taron tsara manufofi na 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin koyon aikin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi. Wannan ƙofar shiga layi ce kurum. Kowane sashe yana iya ɗaga nasa sama da haka nesa ba kusa ba.

Ɗan Kebbi yana da wata dama da ya kamata ya sani. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta suna baya a ilimin boko, kuma Kebbi tana cikinsu. Ke nan makin da ba zai kai yaron Ngaski ko'ina ba a wata jami'ar kudu zai iya isarsa a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Akwai kuma jami'ar jiha da ke Aliero, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Wanda makinsa bai kai ba yana iya sauya makaranta ko kwas ta hannun JAMB, ko ya bi ta IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ya shiga aji biyu kai-tsaye.

Duk wanda aka zaɓa, tilas a ɗora shi a manhajar CAPS, wadda JAMB ta fara amfani da ita a 2017, a cibiyar kwamfuta da hukumar ta amince da ita. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamako sai ya koma ya ɗora bayan ya fito, in ba haka ba makaranta ba za ta iya ba shi gurbi ba komai makinsa. Ga mai zuwa daga ƙauyen da sai an tsallaka ruwa, gara a gama komai a tafiya ɗaya: a duba cewa suna da ranar haihuwa sun yi daidai a takardun biyu da kuma na NIN, sannan a karɓi takardar shaida da aka buga kafin a bar cibiyar.