Ubangida: Kalmar da Ta Fito daga Cikin Gida

A kasuwar rake ta Maƙarfi, ko wajen masu dafa mazarƙwaila a Kudan, ka tambayi saurayi wanda ya koya masa sana'a. Da wuya ya ce malamina. "Ubangidana ne," zai ce, har da ɗan rusunawa.

Malam baƙuwar kalma ce, daga Larabci ta zo, wato mu'allim. Ubangida kuwa haifaffiyar gida ce: uba da gida aka haɗa. Tana da 'yar uwa mai nauyi, ubangiji, wadda a da ake kiran mai bawa da ita, kamar yadda ake cewa uwargijiya, kafin ta kusa keɓanta ga Mahalicci.

A tsohon tsarin sarautar Zazzau, wadda Ikara da Maƙarfi da Kudan ke ƙarƙashinta, dangantakar ubangida da baransa ake kira barantaka. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya bayyana ta a littafinsa na 1960 kan mulkin masarautar: bara ya yi biyayya da hidima, ubangida ya tsaya masa, ya nema masa muƙami. Matarsa Mary Smith kuma ta rubuta tarihin Baba ta Karo, aka buga a 1954, inda ake ganin ta ɓangaren mata, uwar ɗaki da 'yar ɗakinta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne nauyin da kalmar ke ɗora wa babba. Yaron da aka kai wa ubangida a tukunyar gidan yake ci. Da asuba shi ke kora dokin da ke juya injin matse rake, yana kallon yadda ake gane ruwan ya nuna kafin a zuba a mazubi. Rigar Sallah tana wuyan ubangida, haka maganin zazzaɓi, wani lokaci har sadaki. Ranar rabuwa kuma sai a ce an yaye shi, kalmar da ake faɗa wa jaririn da aka cire daga nono, a haɗa masa da jari.

Yau siyasa ta ari kalmar. Tun dawowar mulkin farar hula a 1999, in aka ce ubangida, hankalin mutane kan tafi ga mai tsayar da ɗan takara yana jiran sakayya. Wannan yana min ciwo, domin a zaurukan Ikara har gobe akwai teloli da maƙera da ke ciyar da 'ya'yan wasu, suna koya musu abin yi ba da ko sisi ba.