Saɓo

saɓo (suna, namiji) 1. Ƙetare umarnin Allah da gangan: Ya tuba daga saɓon da ya yi. 2. Furta kalmar ɓatanci ga Allah ko ga sunansa.

Ma'ana ta biyu ce ta fi nauyi a shari'ar Yahudawan dā. Littafin Firistoci 24:16 ya yanke hukuncin jifa ga mai zagin sunan Ubangiji, baƙo ne ko ɗan ƙasa. Mishna, kundin shari'ar Yahudawa wadda aka harhaɗa wajen shekara ta 200 Miladiyya, ta ƙuntata laifin: sai mutum ya ambaci sunan ƙarara. Ko a gaban alƙalai, da wani suna ake sakaya shi. Sai a ƙarshe a fitar da jama'a, babban shaida ya faɗi abin da ya ji, alƙalai su miƙe su kece rigunansu, ba kuma za a ɗinke su ba.

Da wannan laifi aka tuhumi Yesu. Markus sura 14 ya ce babban firist ya kece tufafinsa da jin amsarsa a kan ko shi ɗan Allah ne. Sai dai laƙabin "ɗan Allah" kaɗai ba saɓo ba ne a wurin Yahudawa, domin Zabura 2 ta kira sarki haka. Abin da ya fi tunzura majalisar da ta yi masa shari'a, a ganina, shi ne maganar da Yesu ya yi ta zama a hannun dama na Allah. Kiristoci sun gaskata gaskiya ya faɗa, majalisar Nikiya kuma ta tabbatar a shekara ta 325 cewa Ɗa da Uba zatinsu ɗaya ne. Kisan kuwa, bisa Linjila, ba jifa ba ne: Bilatus, gwamnan Rumawa, shi ya ba da umarnin gicciyewa.