ƘOFAR GEFE TA SHIGA AIKIN KOYARWA: ƊAN TARIHI

Kwanan baya muna hira a gindin bishiya bayan lacca, sai wani ɗan'uwa ɗalibi ya ce wai malamin da ya sami takardar shaida yana kan aiki ba cikakken malami ba ne. Maganar ta sosa mini rai, domin malamin da ya koya mini karatu a furamare ta wannan ƙofa ya shigo. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi asalin abin.

A da, babbar hanyar zama malamin boko a Arewa ita ce ka shiga kwaleji ka zauna. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ita ta horar da irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma 'yan ƙalilan take ɗauka. Daga baya kwalejojin horon malamai suka yaɗu, suna ba da takardar Giredi Tu.

Sai ga shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin furamare kyauta ga kowa. An zaci yara kamar miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3. Ina za a samo malamai? Dole aka kwaso duk wanda ya iya riƙe alli, har da waɗanda ba su ci jarrabawa ba. To, ba dama kuma a kwashe su daga aji a mai da su kwaleji, a bar yara a zaune. Wannan larura ce ta haifi Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna a 1976, wadda Doka ta 7 ta 1978 ta tabbatar. Dabararta ita ce malami ya ci gaba da aikinsa, a ba shi darussa a rubuce, ya je cibiyar karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu. A 1990 ta fara ba da takardar NCE ta wannan hanya.

Bayan an kafa Hukumar Rajistar Malamai a 1993, abin ya iso kanmu mu 'yan jami'a. Mai digirin Hausa ko Kimiyya wanda bai karanci fannin koyarwa ba, sai ya ƙara da difilomar koyarwa ta bayan digiri kafin a yi masa rajista. Haka kuma shugabancin makaranta, wanda da daɗewa a aiki ake samunsa, ya zama fanni mai zaman kansa, har jami'o'inmu na ba da digiri na biyu a tsarawa da gudanar da harkokin ilmi, kuma hedimastoci da firinsifal-firinsifal kan yi shi suna kan kujerunsu.

Ni dai a ganina, aibin ba a ƙofar yake ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin sa ido: shin an je an ga malamin a gaban allo, ko kuwa takarda kawai aka miƙa masa? Da yawa daga cikinmu aji ne zai karɓe mu bayan bautar ƙasa, ko muna so ko ba ma so. Saboda haka kafin mu raina wannan ƙofa, mu tuna wataƙila ta nan za mu bi.