Masunci da Tarunsa: Darasi daga Matan Fada

Tun zamanin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, rayuwar Kabawa a jingine take da ruwa. Gulbin da ya ratsa Argungu ya gangara Birnin Kebbi shi ne ke ba su kifi, shi ne kuma ke shayar da fadamar shinkafa. A zamanin da, kafin a buɗe su, sai an yi gyaran ruwa, inda ake miƙa hadaya ga iskokin da aka ɗauka su ne masu gulbin. Ta haka godiyar da ta dace da Mahalicci ta koma ga abin da ya halitta.

A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, alamar ƙarshen tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, aka shirya masa kamun kifi. Daga nan bikin Matan Fada ya samo asali, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Akwai hikima a tsarinsa: ana hana su a wurin har ranar biki, kifi ya samu sukunin girma, sannan dubban masunta su faɗa ruwa da homa da gora. Wannan riƙon amana ne.

Amma Annabi Habakkuk, a sura ta fari, ya kwatanta Kaldiyawa da masuncin da ya cika tarunsa, sai ya juya yana yi wa tarun hadaya da ƙona turare, domin a ganinsa shi ya azurta shi. Gunkinsa ba sassaƙaƙƙe ba ne. Abin sana'arsa ne. 'Yan'uwa cikin Almasihu, a nan zancen ya iso ƙofarmu.

A Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi. Noman rani ya bunƙasa, kuɗi suka shigo gidaje, kuma wannan alheri ne. Sai dai kowannenmu ya tambayi zuciyarsa: sau nawa injin ban ruwa ya hana mu sujada? Sau nawa muka ɓoye hatsi muna jiran tsada, gwauruwa a maƙwabtanmu tana kwana da yunwa? Wanda ya zuba guba a ruwa, ko ya mai da gidan sauro taru yana kwashe 'ya'yan kifi, ya cinye rabon jikokinsa saboda ribar yini ɗaya. Manzo Bulus ya koya wa Kolosiyawa cewa kwaɗayi bautar gumaka ne.

A daminar 2020 ambaliya ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi. Ba mu ce hukunci ba ne, gama ruwa bai zaɓi gonar mai zunubi ba. Amma ya nuna cewa abin da ruwa ke iya tafiya da shi bai isa a dogara gare shi ba.

Bitrus da Andarawus masunta ne. Da Yesu ya kira su, sun iya ajiye tarunansu, domin tarun bai mallaki zukatansu ba. Mu riƙe gona da gulbi da albashi a matsayin wakilai, mu ci da godiya, mu raba da mabukata. Ubangiji ya tsare mu daga durƙusa wa kyautarsa. Amin.